Sauya wa Fijon Baba kik: daga sanyin Janairu zuwa zafin Afrilu

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Jiya bayan sallar Juma'a motar ta sake yi mini halinta, kuma wannan karon Hajiya na ciki. Mun tsaya shan mai a wajen Ƙofar Ƙaura, na kashe inji, aka zuba, na murza makulli. Sai wani nishi mai nauyi har sau biyu, kamar raƙumin da aka labta wa kaya ya ƙi miƙewa, daga nan shiru. Yara uku da wani mai Keke Napep ne suka tura mu, na saki kuloci a giya ta biyu ta kama. Hajiya ba ta ce uffan ba sai da muka shigo unguwa, sannan ta ce, "A hannun mahaifinku ban taɓa ganin an tura motar nan ba." Maganar nan ta hana ni barci.

Motar Fijo 504 ce salun, ƙirar 1984, haɗin Kaduna. Masana'antar PAN da ke Kakuri ta fara haɗa motoci a 1975, ita kuwa 504 tun 1968 ta fito a Faransa. Injinta mai silinda huɗu ne, cc 1971, mai kafireta, a kishingiɗe yake gefe guda kamar yadda duk wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin 504 ya sani. Baba, Allah Ya jiƙansa, ya riƙe ta kamar ɗiya. Injin har gobe lafiyarsa ƙalau, ba ya shan baƙin mai, ba ya hayaƙi. Ciwon duk yana wurin tashi: da sanyin safiya kik ɗin, wato na'urar lantarki da ke murɗa inji ya tashi, yana ja da ƙyar, in kuma an yi tafiya inji ya yi zafi aka kashe, to sai an jira ko an tura.

Shekara biyu ke nan ina yawo da sifana mai tsawo a ƙarƙashin kujera don ƙwanƙwasa kik idan ya ƙi. Na yanke shawarar wannan ɗabi'a ta ƙare bana. Niyyata in sa mata irin ƙananan kik ɗin nan masu giya a ciki, kuma zan riƙa rubuta kowane mataki da ranarsa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kafin in kashe ko sisi, na aro mita wurin maƙwabcina mai haɗa sola, har da irin wadda ake maƙala wa waya ta faɗi yawan wutar da ke wucewa. Na sha ganin mutum ya sayi sabon kik, ya sayi sabon batir, ashe ciwon na jikin wata waya da ta ci tsatsa.

Batir ya kwana bai yi aiki ba, ya nuna folt 12.5. Cikakken batir 12.6 yake nunawa, don haka ba shi da laifi. Na cire wayar kwayil don kada inji ya tashi, ƙanena ya murza makulli ina kallon mita: ya sauka zuwa 9.9. Ƙa'idar da aka sani ita ce kada ya gaza 9.6 lokacin da kik ke juyawa, to ya tsira, ko da yake da ƙyar.

Inda na ga abin mamaki shi ne wayoyi. Na ɗora baki ɗaya na mita a kan jan kan batir, ɗayan a kan babban notin kik, aka murza: folt 0.7 ke ɓacewa a hanya. Na koma ɓangaren at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir, tsakanin baƙin kan batir da jikin kik: 0.9. Abin da ake so shi ne kada jar waya ta ci fiye da 0.5, ta at kuwa wajen 0.3. Ke nan fiye da folt ɗaya da rabi na salwanta kafin wuta ta isa inda ake buƙatarta. Na kankare jar wayar da wuƙa, sai ga fari a ƙarƙashi. Alminiyom ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda aka sa shekarun baya lokacin da ta asali ta gutsure. Alminiyom kuwa kusan kashi 60 cikin 100 kawai take iya ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kaurinta zai ɗauka.

Waya za ta riga kik ke nan.

Asabar, 25 ga Janairu

Ranar Laraba na sa sabbin wayoyi, irin na masu walda, jan ƙarfe zalla, murabba'in milimita 35. An matse kawunansu da kyau, na goge wurin da at ke zama a jikin inji har ƙarfe ya yi ƙyalli, na ƙara wata daga inji zuwa bodi. Asarar ta dawo 0.2 a kowane ɓangare. Tashin safe ya gyaru sosai, har na fara tunanin ko in bar maganar kik. Amma ranar Alhamis na zagaya gari, na dawo gida na kashe, na ba ta minti biyar na murza, sai ga nishin nan ya dawo. Mitar ta nuna yana jan sama da amfiya 200 yana kuma juyawa a hankali.

Yau na cire shi na kai wa rewayan da ke yi mana aiki tun zamanin Baba. Muka buɗe a kan benci. Bush ɗin gaba, zoben da ke riƙe sanda, ya cinye har sandar amecha, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin kik, tana lilo, kuma ga shaidar guga a jikin ƙarafan da wayoyin fil masu samar da maganaɗisu ke naɗe a kai, wato amecha na taɓa su tana juyawa. Kabon biyu, masu kai wa amecha wuta, sun kusa ƙarewa. Inda kabon ke gogawa an sha sassaƙe shi har ya sirance. Dattijon ya juya shi a hannu ya ce, "Alhaji, sau biyu na naɗa wannan da hannuna. Zan iya yin na uku, amma ba zan ɓoye maka ba, jikinsa ya gaji."

Dalilin da ya sa ya fi ƙi da zafi a bayyane yake. Jan ƙarfe na ƙara turjiya ga wuta da kusan kashi 4 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10 na zafi. Kik yana manne da inji, in an kashe mota iska ta daina bugawa sai zafin inji ya jiƙa shi. Ga ƙarafa sun kumbura, gugar ta ƙaru. Lafiyayyen kik yana da rarar ƙarfin da zai shanye wannan, nawa ba shi da ita.

Bari in rubuta bambancin iri biyun yadda na fahimce shi. Tsohon kik kai-tsaye yake aiki: ƙaramar giyar da muke kira bendis tana kan sandar amecha, juyi ɗaya na amecha juyi ɗaya ne na bendis. Tunda ba mai taimaka masa, dole a yi shi ƙato, da wayoyi masu kauri, don ya iya murɗa inji da ƙarfin kansa. Sabon kuwa ƙaramar mota ce, wato injin lantarkin da ke juyawa a cikinsa, mai gudun tsiya, aka sa giyoyi tsakaninta da bendis su rage gudun su mayar da shi ƙarfi, yawanci juyi 3 zuwa 5 na amecha ya ba da juyi ɗaya. Duk wanda ya tsaya gaban injin markaɗe ya ga wannan dabara: ƙaramin fuli a jikin inji, babba a jikin niƙa, bel ya haɗa su. Injin fetur yana son a juya shi wajen sau 200 a minti kafin ya kama. Haƙoran filawil, wato babban faifan ƙarfe da ke bayan inji wanda bendis ke kamawa, sun ninka na bendis kusan sau 12, to bendis zai yi wajen 2,400, amechar sabon kik kuma ta doshi 10,000. Amfanin wannan gudu yana fitowa ne lokacin da fistin ya zo ƙarshen matse iska, inda tsohon kik ke yin kamar zai tsaya. Mai giya yana wuce wurin ba tare da gudunsa ya faɗi sosai ba.

Abin ba sabo ba ne. Kik na lantarki ya fara fitowa a motar Cadillac ta 1912, aikin Charles Kettering a Amurka. Kamfanin Chrysler ya fara sa mai giya a motocinsa a 1962. Daga baya kamfanonin Japan irin su Denso suka yaɗa ƙanana, wasu da motar a gefe, wasu kuma da ƙananan giyoyi masu zagaye ta tsakiya, duk a layi ɗaya.

Laraba, 29 ga Janairu

Baffa ya ji labari ya aiko a kira ni. Shekarunsa da yawa yana jan 504 ta haya tsakanin Katsina da Kano, don haka in ya yi magana a kan Fijo, ana saurare. Ya ce, "Kai yaro, motar yayana ce. Bature ya san abin da ya sa mata. Kada ka mayar da ita haɗin gambiza." Na ce, "Baffa, na yi maka alkawari ba zan yanke komai ba, ba zan huda komai a jikinta ba. Tsohon kik zan gyara shi in ajiye, duk ranar da aka so mayar da shi, aikin awa ɗaya ne." Ya yi shiru, sannan ya ce in kawo masa ya ji tashinta in an gama. Wannan alkawari shi zai ja ragamar sauran aikin, kuma na ji daɗin da ya sa na ɗauke shi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar awo. Na cire baƙin kan batir tukuna, na cire agogo da zobe, domin babban notin kik kullum da wuta yake, sifana ta haɗa shi da bodi sai ƙuna.

Abin da dole ya dace tsakanin tsoho da sabo ya fi yadda na zata. Bendis ɗin tsohon haƙora 9 ne, amma yawan haƙora kaɗai bai isa ba, kaurin haƙori da tazarar da ke tsakani su ma sai sun yi daidai da na filawil. Sai ɓangaren da yake juyawa. Sai nisan da ke tsakanin fuskar da kik ke zama da bakin haƙoran filawil, wanda na auna da wutsiyar ma'aunin da ake kira baniya ta cikin ramin. Bendis in yana hutawa ana so ya bar wajen milimita 2 zuwa 3 tsakaninsa da filawil, in ya fito kuma ya kama aƙalla kashi biyu cikin uku na faɗin haƙorin. Sai zagayen wuyan da ke shiga ramin, wanda shi ne ke tsayar da kik a tsakiya. Sai ramukan noti. Duk na rubuta a bayan wani kwali.

Tunda ramin a buɗe yake, na sa alli a haƙori ɗaya na filawil, ƙanena yana juya inji da sifana a hankali ina haskawa da tocila har alamar ta dawo. Yawancin haƙoran kamar jiya aka yanka su. Wuri biyu ne, kishiyar juna, bakinsu ya ɗan daku. Haka injin silinda huɗu yake: in an kashe shi kusan kullum a ɗaya daga wurare biyu yake tsayawa, nan bendis ke fara sara duk safiya, shekara 40. Babu wanda ya karye. Na bi su da ƙaramin fayil na cire kaifin da ya tashi. Za su kai ni zuwa ranar da za a sauke giyabos don kuloci.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na bi motar haya zuwa Kano da sassafe, ta Charanchi da Kankiya da Bichi, na sauka Ƙofar Ruwa. Kik 'yan Beljiyom tuli guda a shaguna. Na zaɓi wani mai motar a gefe, mai tsabta, haƙora 9, aka haɗa shi da batir a gabana ya yi kuka lafiya. Mun yi sharaɗi da mai shagon cewa in bai dace ba zan dawo da shi. Kuskuren da na yi shi ne na tafi da kwalin awo na bar tsohon kik a gida saboda nauyi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Bai dace ba. Da na jera bendis biyun kai da kai, na sabon ya fi faɗi, haƙoransa sun fi kauri. Na gwada shigar da haƙoran ɗaya cikin na ɗayan, suka ƙi zama. Da na ɗaura shi a haka da ya cinye filawil cikin mako guda, kuma gyaran wannan sai an sauke giyabos. Kuɗin mota ya tafi, amma filawil ya tsira.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na koma, wannan karon da tsohon kik a cikin buhu. Mai shagon bai yi gardama ba, ya ce, "Yallaɓai, ai da ka zo da shi tun farko da mun huta." Muka zube guda bakwai a ƙasa muna gwadawa. Wanda ya dace na wata mota ce ƙirar Faransa ta baya-bayan nan: haƙora 9, kuma da na haɗa bendis ɗinsa da na tsohon suka shiga juna suna birgima sumul. Mun sa wa dukansu wuta, na tsaya ta gaban bendis ina kallo, ɓangare ɗaya suke juyawa. Wuyansa ya fi na tsohon tsawo, wanda alheri ne a wurina, domin faifan da za a sa tsakani zai cinye rarar.

Irin mai giyoyi a layi ɗaya ne, kuma babu wayoyin fil a cikinsa, mayen ƙarfe ne manne a bangon. Abu biyu wannan ke nufi. Ba a dukansa, domin mayen ƙarfen kamar tangaran yake, guduma ɗaya sai ya tsage. Kuma in aka juya masa wayoyin batir, baya zai juya.

A sikelin mai sayar da hatsi na unguwarmu tsohon ya haura kilo 6, sabon kilo 3 da 'yan kai.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Rewaya ya buɗe sabon ya wanke, ya sa wa giyoyin ciki sabon giris, kabon ɗinsa da saura sosai. Daga nan na wuce wurin mai injin tona ƙarfe don a yanka faifan da zai haɗa ramukan motar da na sabon kik. Lissafina ya ba da kauri milimita 10, wanda zai bar tazarar milimita 3 tsakanin bendis da filawil. Wannan lissafin na motata ne da wannan kik ɗin, kowa ya auna nasa.

Na kai masa zanen da na ɗauka da kwali, na danna shi a bakin ramin na fitar da wuraren noti. Dattijon mai injin ya duba ya ce, "Malam, kwali yana ƙarya. Bar mini tsohon kik ɗin in ɗauki tsakiya daga jikinsa." Na ce masa rewaya na kan gyaransa, kuma ina son a gama kafin azumi. Ya ce to, ya yanka yadda na ce.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, aikin ya koma bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga.

Na ɗaura faifai, na ɗaura kik, ya shige wurin da rara, har hannu na iya zagaya shi. Na shafa wa haƙoran bendis jan fenti siriri, na cire wayar kwayil, giya a firi, dutse a bayan taya. Da aka murza, inji ya juya da saurin da ban taɓa ji ba a motar nan. Amma akwai wani kuka mai kaifi a ciki, kuma da aka saki makulli bendis ya ɗan yi jinkirin komawa. Na hana a sake murzawa.

Da na sauke shi fentin ya ba da labari. Tsawon kamun ya yi, ya rufe kusan kashi uku cikin huɗu. Amma fentin ya goge har gindin haƙori, alamar giyoyin biyu sun matse juna babu wurin numfashi. Ana so a sami 'yar tazara, kamar rabin milimita zuwa sama kaɗan. Tsakiyar faifaina ta karkata wajen filawil. Abin da dattijon ya faɗa ne ya faru.

Na koma wurinsa da tsohon kik a hannu na ba shi haƙuri. Bai ce mini komai ba sai "Allah Ya sa mu dace." Ya ɗaura wuyan tsohon a injinsa ya ɗauki tsakiya, ya ce in dawo Laraba. Sabon faifan zai zo da ɗan tudu a baya mai shiga ramin motar daram, da rami a gaba mai riƙe wuyan sabon kik, duka biyun a yanka su a zama ɗaya don tsakiyarsu ta zama guda.

Asabar, 15 ga Maris

Faifai na biyu ya zauna ba ko girgiza. Gwajin fenti ya nuna guga a tsakiyar haƙori, gindin bai taɓu ba. Kukan ya tafi, bendis na komawa nan take. Na mayar da wayar kwayil, murzawa ɗaya ta tashi.

Sai dai a cikin gwaji goma, sau biyu na ji "ƙas" kawai, sai a murzawa ta biyu ya juya. Na sa mita a ƙaramar wayar da ke zuwa daga makulli, wadda ke shiga ƙafar da ake wa lamba 50 a jikin solanoyid, wato na'urar da ke kan kik mai tura bendis: folt 9 da ɗan ɗori. Solanoyid naɗi biyu gare shi, ɗaya mai fizgo bendis wanda ke jan wuta da yawa na ɗan ƙiftawar ido, ɗaya mai riƙewa. Wutar fizgar nan tana bi ta makullin da ya shekara 40 da siririyar waya mai tsawo, shi ya sa take isowa a gajiye.

Maganin rile ne, wato ƙaramin makunnin da wuta ke kunnawa, mai ƙafa huɗu, na amfiya 40. Tsohuwar wayar makulli ta koma ƙafa 86, ƙafa 85 ta tafi at, ƙafa 30 ta ɗauko wuta daga batir ta cikin fiyus mai 30, ƙafa 87 ta tafi solanoyid da waya mai kauri. Makulli yanzu umarni kawai yake bayarwa. Na rataye rilen a wani noti da ke wurin tun asali, ban huda ko'ina ba, kuma ban yanke tsohuwar wayar ba. Gwaji ashirin, babu "ƙas" ko ɗaya.

Wani abu ga masu wasu tsofaffin motoci: akwai solanoyid mai ƙaramar ƙafa ta biyu da ke aika wa kwayil cikakkiyar wuta lokacin tashi. Ƙananan kik da yawa ba su da ita, kuma in aka yi watsi da wayar mota za ta riƙa juyawa ba ta kamawa. Nawa tsohon ƙafa ɗaya ce, don haka ban shiga wannan ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Na sake aro mitar. Batir na sauka zuwa 10.9 lokacin juyawa, wutar da kik ke ja tana wajen amfiya 120. Da inji ya tashi caji na nuna 14.1. Adalci shi ne in faɗi cewa na gwada sabon ne da tsoho mai ciwo, kuma rabin wannan sauƙi aikin wayoyi ne da rile. Da tsohon kik lafiyayye ne tazarar ba za ta kai haka ba.

Sautin tashinta ya canza. Da can murya ce mai kauri, a hankali, wadda tun muna yara in mun ji ta daga ɗaki mun san Baba zai fita. Yanzu siririya ce mai sauri irin ta motocin zamani. Ban zaci zan yi kewar waccan ba, amma na yi, kwana biyun farko har sai da na ji wani iri.

Na kai wa Baffa bayan la'asar. Ya sa na kashe na tayar sau uku, ya leƙa ƙasa da tocila yana neman inda aka huda bai samu ba. Ya ce, "Muryar ba tata ba ce. Amma ta tashi." Ya karɓi makulli ya zagaya da ita layinsu.

Talata, 1 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi. Yau na kai Hajiya Daura gaishe da ƙanwarta, tafiyar wajen kilomita 80, rana tsaka, zafin bazara ya fara gaske. Wannan ne gwajin da nake jira tun Janairu. A Mashi na tsaya da gangan, na kashe inji, na sayo ruwa, na bar ta minti goma tana jiƙa zafi, daidai yanayin da ya kunyata mu a Ƙofar Ƙaura. Na yi bisimilla na murza. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba ta kama.

A Daura cunkoson Sallah ya sa ta mutu mini sau ɗaya kusa da fada, ƙafata ce ta yi saurin sakin kuloci. Kafin na bayana ya danna oda na riga na tayar. Muka dawo bayan magariba da fitilu a kunne, na sake kashewa a Shargalle, ta sake tashi. Da muka iso ƙofar gida Hajiya ta dafa gaban motar kafin ta shiga, ta yi wa Baba addu'a, ta sa mini albarka.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na sauke kik don dubawa bayan kusan wata guda yana aiki. Haƙoran bendis sumul, babu garin ƙarfe a ramin, wurare biyun nan na filawil ba su ƙara lalacewa ba. Noti ɗaya na faifan ya ɗan saki, na sa wa dukansu washa mai tsini da maganin riƙe noti na ɗaure. Sifanar da ke ƙarƙashin kujera ta koma akwatin kayan aiki, kuma na gaya wa ƙanena da yaron rewaya cewa ko da wasa kada wani ya daki wannan kik, kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 ba a bar shi ya huce ba.

Tsohon ya dawo daga wurin rewaya da sabon bush da kabon. Na shafa masa mai, na naɗe shi a buhu tare da kwalin awo da faifan farko, na ajiye a ɗakin Baba.

Abin da ya rage: sabon ya fi tsohon gajarta, ya bar wata 'yar kafa a gefen faifan da ƙura ke iya shiga, kuma damina na tafe. Na auna ta yau, ranar Litinin zan kai wa mai gwangwani ya lanƙwasa murfin da zai kama a notin da ke wurin. Zoben haƙoran filawil kuma na sa a nemo mini, ya jira ranar kuloci.